Su wane ne Serpo na Dandadan, kuma me ya sa murmushinsu ke tayar da tsikar jiki?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina ɗan taɓa zane, kuma na daɗe ina bin bayanan da kake yi a kan labaran zane na Japan. Kwanan nan na fara kallon Dandadan. Baƙin halittun nan da ake kira Serpo sun tsaya mini a rai: suna ba ni dariya, amma da zarar sun fito sai in ji tsikar jikina tana tashi. Marubucin ne ya ƙago su ko akwai inda ya samo su? Mene ne sirrin da ya sa suke shiga rai haka? Ina tambaya ne don ina so in iya zana mugayen da mai karatu ba zai manta da su ba. Sannan ƙanina ɗan shekara 12 ya matsa sai ya kalla tare da ni. In bar shi?"

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya yi wa hannunka albarka. Tambaya uku ka haɗa: asalin Serpo, dalilin da ya sa tsoro da dariya suke zo maka tare in ka gan su, da kuma batun ƙaninka. Ta tsakiyar ce ta fi jan hankalina, domin ita ce abin da na shafe shekaru ina fama da shi a kan takarda, don haka a can zan fi daɗewa. Zan taɓo wani abu da ke can gaba a labarin. In ba ka so a riga ka, ka tsallake sakin layin da na ambaci Rokuro.

Bari in fara shimfiɗa wa wanda bai san labarin ba. Dandadan manga ne, wato labarin zane irin na Japan, wanda Yukinobu Tatsu ya fara fitarwa a watan Afrilun 2021 a manhajar Shonen Jump+ ta kamfanin Shueisha. Kafin nan Tatsu ya zauna a ƙarƙashin Tatsuki Fujimoto da Yuji Kaku yana taya su zane, kamar yadda yaron shago ke zama gaban maigidansa har a yaye shi. Kamfanin Science Saru ya mayar da labarin katun mai motsi a watan Oktoban 2024, zango na biyu ya biyo baya a Yulin 2025.

Labarin ya tashi ne daga gardamar 'yan makaranta biyu. Momo Ayase, wadda kakarta Seiko mai hulɗa da iskoki ce ta rene ta, ta yarda akwai fatalwa amma ba ta yarda da baƙin halittu daga wata duniya ba. Ken Takakura, wanda ta laƙaba wa suna Okarun, shi kuma akasin haka. Sai suka ƙalubalanci juna, kowa ya je inda aka ce abin da yake ƙaryatawa na fitowa. Shi ya nufi wata tsohuwar hanyar mota da aka huda ta cikin dutse, ya yi arba da fatalwar wata tsohuwa mai gudun tsiya, Tabo Baba. Ita kuma ta shiga wani asibiti da aka daina amfani da shi, Serpo uku suka sure ta zuwa jirginsu. A nan suka yi mata bayanin kansu da bakinsu. Dukkansu maza ne. Ba sa haihuwa, kwafar kansu suke yi, kamar takardar da ake ta bugawa a injin fotokwafi. Tun da kowa kwafin kowa ne, halittarsu ta tsaya cak, kuma farin ciki da fushi da baƙin ciki duk sun ɓace musu. Suna neman su dawo da abin da suka rasa, shi ya sa suke farautar sassan haihuwa na ɗan Adam. Gaban namiji ma "ayaba" suke ce masa.

Inda sunan ya fito

Sunan Serpo ba Tatsu ne ya ƙago shi ba, daga Amurka ya aro shi. A watan Nuwamban 2005 wani da ya ɓoye sunansa, yana iƙirarin cewa shi tsohon ma'aikacin leƙen asirin sojan Amurka ne, ya fara aika saƙonnin imel ga wani rukunin masu bin labarin faifai masu tashi, wato jiragen da ake cewa na baƙin halittu ne. Ya ce gwamnatin Amurka ta yi musayar baƙi da wata duniya mai suna Serpo da ke kusa da taurarin Zeta Reticuli, nisan tafiyar haske ta shekara 39 daga nan. Wai sojoji 12 aka tura a 1965, suka zauna can har 1978. Ba a taɓa kawo wata hujja ba, kuma har cikin masu sha'awar irin waɗannan labarai da yawa sun ɗauke shi ƙanzon kurege. Amma ya yaɗu a intanet, ya kai Japan, inda mujallun al'amuran ban mamaki suke da tsofaffin masoya. Okarun kansa irin yaron nan ne da ba ya rabuwa da irin wannan mujalla, don haka in Serpo sun bayyana, mai karatun Japan da ya san harkar zai gane cewa abin da yaron ke karantawa ne ya sauko daga shafi ya tsaya a gabansa.

Neman sassan haihuwa ma yana da tushe a can. A 1957 wani manomi ɗan Brazil, Antonio Villas Boas, ya ce an ɗauke shi cikin jirgi an haɗa shi da wata baƙuwar halitta. A 1961 wasu ma'aurata, Betty da Barney Hill, suka ce an tare su a hanya a jihar New Hampshire an yi musu gwaje-gwaje a jiki, kuma taswirar taurarin da matar ta zana ce wata malamar makaranta ta fassara daga baya da cewa Zeta Reticuli take nunawa. Tun daga lokacin, kusan duk labarin wanda ya ce an sace shi zuwa sama yana ɗauke da gado irin na asibiti, da fitila mai haske, da wasu masu bincikar jikinsa ba da izininsa ba. Tatsu ya tattaro wannan tsoron ya ba shi dalili: suna yin haka ne don su kansu sun zama juya.

Sai dai halittun da labarin 2005 ya siffanta gajeru ne masu zaman lafiya. Siffar Serpo na Dandadan daga gida Japan ta fito. In suka tuɓe fatar mutum da suke sanye da ita, za ka ga doguwar halitta mai zane-zanen baƙi da fari a jiki da fuska kamar gunki. Duk wanda ya san shirin talabijin na Ultraman, wanda kamfanin Tsuburaya ya fara a 1966, zai tuna da Dada, dodon da Tohl Narita ya zana mai ratsin baƙi da fari. Kamannin ba su tsaya a jiki ba: shi ma Dada an turo shi duniya ne ya tara samfurin mutane, yana da lamba maimakon suna, kuma yana da maigida da yake kai wa rahoto. Wannan alaƙa idona ne ya gani, kuma masu karatu da yawa sun gani. Ka lura da dabarar: suna daga wata ƙasa, jiki daga abin da iyayen masu karatunsa suka kalla suna yara. Baƙo ne, amma an san fuskarsa daga wani wuri.

Me ya sa suke ba da tsoro da dariya tare

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Duk zaman mutane a kan wannan yake tafiya. In ka shiga kasuwa kana karanta fuskar mai kaya, in ka shiga gida kana karanta fuskar mahaifinka kafin ka buɗe baki. Serpo an gina su ne a kan karya wannan karin magana. Fuskar mutum da suke sawa tana murmushi, amma murmushin ba ya motsi. Yana nan lokacin da suke gaisuwa, yana nan lokacin da suke ɗaure yarinya a kujera, yana nan lokacin da ake dukansu. Idonka yana neman labarin zuciya a fuskar bai samu ba, kuma wannan rashin samun shi ne abin da kake ji a tsikar jikinka. Dodo mai haƙora da farata aƙalla ya faɗa maka gaskiya tun daga nesa, ka san gudu za ka yi. Wannan kuwa yana gaishe ka.

Na biyu, su uku ne da fuska ɗaya, aski ɗaya, tufafi ɗaya. A zane, maimaita fuska abu ne mai ƙarfi ƙwarai, kuma masu koyo ba su cika sanin haka ba. Tagwaye ma in suka yi kama sosai mutane sukan ɗan tsaya su sake kallo. In fuskar ta zama uku, kuma ka san akwai dubbai irinta a wani wuri, sai hankalinka ya gane cewa ba da wani kake magana ba. Babu wanda za ka roƙa, babu wanda za ka ce wannan ya fi sauran tausayi. A katun ɗin ma murya ɗaya aka ba su duka, ta Kazuya Nakai, wanda masu kallon katun ɗin One Piece suka sani da muryar Zoro.

Na uku, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina, shi ne harshensu. Da ladabi suke magana, irin Japananci na ma'aikacin ofis da ke karɓar baƙo. Abin da suka fara gaya wa Momo shi ne kada ta ji tsoro, su mutanen kirki ne masu son zumunci. Suna faɗin haka tana ɗaure. Musa a baki, Fir'auna a zuci, za ka ce. Amma in ka duba da kyau lamarin ya wuce nan, domin munafuki ya san ƙarya yake yi. Serpo ba su ɗauki kansu mugaye ba. Ba sa ƙin Momo, ba sa jin haushinta, ba su da wata gaba da ita. A wurinsu ita kamar motar da ta lalace ce a garejin makaniki, akwai wani ƙarfe a jikinta da suke buƙata, za su kwance shi su tafi. Sun yi mata bayani dalla-dalla don a ganinsu in aka yi bayani an gama komai. Kukanta bai shiga lissafinsu ba, don ba su da abin da za su auna shi da shi.

To daga wannan rijiya ɗaya tsoron da dariyar suke fitowa. Wanda bai san abin da mutane ke ji ba zai cuce ka ba tare da ya ƙifta ido ba, wannan shi ne tsoron. Shi ɗin dai zai yi abin kunya a bainar jama'a bai san ya yi ba, wannan ita ce dariyar. Halittun da suka ratsa sararin samaniya, suke motsa abubuwa da ƙarfin tunani, suke iya yanke wani yanki na gari su rufe shi a wani fili na daban da babu mai shiga, su ne kuma suke tsayawa da murmushin nan nasu suna roƙon "ayaba". Suna raɗa wa dabarun faɗansu sunaye na shirme suna kiransu da gaske. Mai zanen bai tsaya ya ce yanzu lokacin dariya ne, an jima lokacin tsoro ba. Jimla ɗaya ce take yin aikin biyu. Masu koyo sukan zana mugu mai ban tsoro, sai su ajiye masa wani wawa a gefe don ya riƙa ba da dariya. Wannan hanya tana aiki, amma mai karatu yana samun wurin hutawa. A wurin Serpo babu wurin hutawa, kana dariya kana jin ba daɗi cewa ka yi ta.

Kai da ka tashi da tatsuniya ba baƙon wannan ba ne. Ka tuna yarinyar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, har wani abu daga daji ya rikiɗa ya zo mata a siffar saurayin da babu ko ƙwarzane a jikinsa. Rashin tabon shi ne alamar cewa ba mutum ba ne. Fatar da Serpo ke sawa irin wannan ce, sumul, an share mata duk abin da rayuwa ke bari a fuskar mutum.

Akwai wata fassara da ni nake yi, kuma tawa ce, ban jingina ta ga marubucin ba. Siffar mutum da suka zaɓa ta magidancin ma'aikaci ce, irin waɗanda Japanawa ke kira sarariman, masu cika jiragen ƙasa na Tokyo da safe cikin kaya iri ɗaya. Ga kuma al'ummar da ta ci gaba a fasaha har ta daina haihuwa. Japan ƙasa ce da wannan magana ke ci mata tuwo a ƙwarya: a 2024 jariran da 'yan ƙasar suka haifa ba su kai 700,000 ba, karo na farko tun da aka fara ƙidayar. Mai karatun Japan da ya ga maza masu fuska ɗaya, masu ladabin ofis, waɗanda aiki ya cinye musu zuciya kuma zuri'a ta yanke musu, ina ganin ba sai an ce masa ga inda aka dosa ba.

Fatalwa da baƙo

Ba za ka gama fahimtar Serpo ba sai ka ajiye su kusa da ɗaya ɓangaren labarin, wato fatalwowi. Kusan duk fatalwar da ta fito a Dandadan tana da ciwo a baya. Tabo Baba, da duk bakinta da muguntarta, an gano daga baya cewa tana zuwa wuraren da aka yi wa 'yan mata kisan gilla ne tana rarrashin ruhinsu. Doguwar mace mai jar riga da ta addabi Aira Shiratori, wata 'yar makarantar su Momo, a rayuwarta uwa ce matalauciya da masu bin bashi suka ƙwace wa 'yarta, kuma kashi na 7 na katun ɗin da ya nuna wannan ya sa mutane da yawa hawaye. Fatalwa tana cutarwa ne don abin da ke zuciyarta ya yi mata yawa har ya hana ta kwanciya. Serpo suna cutarwa don tasu zuciyar wayam take. Ko a launi, masu katun ɗin sun raba su: in Tabo Baba ta fito ja ne ke mamaye allo, in Serpo ne sai shuɗi mai sanyi.

Wurin da halinsu ya fi fitowa fili a ganina shi ne zuwansu na biyu, lokacin da suka rufe Momo da Okarun da Aira a cikin makaranta suka cika ta da ruwa. Ba su zo su kaɗai ba. Sun zo da dodon ruwa irin wanda ake cewa yana tafkin Loch Ness na Scotland, da kuma wani ɗan dambe mai siffar jatan lande, wanda aka ɗauko sunansa daga halittar da wasu matasa suka ce sun gani a garin Dover na jihar Massachusetts a 1977. Wannan ɗan damben ɗan ƙwadago ne kawai, haya suka ɗauko shi. Suna yi masa tsawa, suna tatsar ƙarfinsa, ba ruwansu da ko zai rayu. Bayan an gama faɗa sai ga shi a gidan Seiko ana ba shi abinci, yana ba da labarin ɗansa mara lafiya da ke buƙatar ƙarin jini kullum, abin da ya sa ya karɓi aikin ke nan. Aka gano cewa madarar shanu daidai take da jinin jinsinsu, ya tafi gida da saniya a jirginsa. Wanda ya san tsohon zancen Amurkawa na cewa faifai masu tashi suna sace shanu zai ga inda aka juya shi. Abin da nake so ka gani shi ne, ba kasancewa baƙo daga sama ne ya mayar da Serpo mugaye ba, ga wani baƙon nan da ya zama ɗan gida don yana da wanda yake so. Yadda suka ɗauki Momo haka suka ɗauki ma'aikacinsu, kayan aiki.

Can gaba a manga ɗin, lokacin da wasu mahara da suka fi su ƙarfi, Kur, suka nufo duniya, sai ga wani Serpo guda ɗaya yana aiki a irin kantunan nan na Japan da ba sa rufewa dare da rana. Rokuro ake ce masa, sunan da a al'adar Japan ake ba ɗa namiji na shida. Ya fara samun ra'ayin kansa, 'yan uwansa suka ɗauke shi kwafin da ya lalace suka yar da shi. Shi ne ya tsaya wa Momo a wannan yaƙi, mugu shi ya san makwantar mugu. Abin da ya taɓa ni a nan shi ne, abin da jinsin nan suka ce suna nema tun babi na farko ya tsiro a jikin ɗayansu, suka kore shi saboda shi. Fuskarsa ba ta canja ba, murmushin nan ne dai, amma yanzu kana kallonta kana neman labarin zuciya kuma kana ɗan samu. Mai zane bai ƙara layi ko ɗaya a fuskar ba, abin da ka sani game da mai ita ne ya canja.

Ga mai zane

Shekarun baya ina zana wani ɗan labari don yaran da nake koya wa zane a ƙarshen mako, na ba mugun ƙahoni da jajayen idanu da haƙora a waje. Yaran suka yaba kyawun zanen, suka nemi in koya musu yadda ake yin ƙahonin, babu wanda ya ji komai. Na koma na sake shi: mutum mai tsabta, hula a daidai, yana murmushi, kuma a duk akwatin zanen da ya fito na kwafi fuskar nan ɗaya ban canja ko gira ba, har a wurin da yake ƙwace wa wata tsohuwa akuyarta. Wata yarinya ta rufe shafin da tafin hannunta ta ce ba ta son ya ƙara kallonta. Tun ranar nake fara aiki daga wani wuri daban. Kafin in ɗauki fensir nakan tambayi kaina, me wannan mugun ya rasa, kuma me yake ɗauka daga mutane don ya cike gurbin? In na samu amsar, siffar da kanta take zuwa.

Don haka kada ka kwafi ratsin Serpo ko murmushinsu, an riga an yi. Ka nemi abin da mugunka yake ganin hakkinsa ne, ka bar shi ya yi bayaninsa cikin natsuwa kamar mai gaskiya. Ka ba shi harshen da mai karatunka ya saba ji a wurin da ya kamata a ce akwai aminci. Tatsu ya ɗauki harshen ofis na ƙasarsa, kai ka fi ni sanin muryoyin da ke kewaye da kai, masu daɗin baki da in sun gama magana kake duba aljihunka. In kana son dariya, kada ka sa mugun ya yi barkwanci, ka bar shi ya yi abin da yake yi da gaske, rashin dacewarsa da wurin ita za ta kawo dariyar. Sannan ka riƙe ainihin siffarsa, kada ka nuna da wuri. Fatar mutum da Serpo ke sawa ta fi ainihin jikinsu ban tsoro, kuma da zarar sun tuɓe ta labarin ya koma faɗa, tsoron ya ragu. Wannan dabara tana da iyaka: mugun da ba shi da zuciya ba ya iya ɗaukar dogon labari shi kaɗai, mai karatu zai gaji da shi. Ina ganin shi ya sa Tatsu bai mayar da su babban abokin gaba ba, yana fito da su ne jefi-jefi, kuma da ya so su daɗe sai da ya ba ɗayansu suna.

Batun ƙaninka

Kada ka bar shi, aƙalla ba yanzu ba. Launuka masu kyau da barkwanci suna sa a ɗauka katun ɗin yara ne, alhali ba don ɗan shekara 12 aka yi shi ba. A kashi na farko Serpo sun tuɓe wa Momo kaya har saura na ciki, suka ɗaure ta, kuma abin da suke shirin yi mata fyaɗe ne, ko da wane suna suka kira shi. Ba su kai ga yi ba: Okarun ya faɗo cikin jirgin, ita kuma ta tuna wata addu'ar gargajiya da kakarta ta koya mata tana ƙarama, ƙarfin da ke ɓoye a jikinta ya farka, ta ragargaza su da jirgin nasu. Duk da haka wurin yana da nauyi, kuma masu kallo da yawa, har manya, sun ce ya dame su. Ni ma ina cikinsu. Na fahimci abin da ake son nunawa, cewa waɗannan halittu ba su san mutum yana da iko da jikinsa ba, amma a matsayina na mai zane na san za a iya isar da wannan ba tare da an daɗe ana nuna jikin yarinya 'yar makaranta ba. Yabon da na yi wa ƙirar Serpo bai wanke wannan ba. Ban da haka, babban zaren labarin gaba ɗaya neman 'ya'yan marainan Okarun ne da suka ɓace bayan tsinuwar da Tabo Baba ta yi masa, kuma ana ambaton al'aura kusan kowane kashi. Kai da kanka ka san ba abin da za ka kunna a falo gaban su Mama ba ne.

Akwai kuma batun iskoki da tsafe-tsafen addinin Japan da suka cika labarin. Ni mai zane ne, hukuncin kallon irin wannan a addini na malamai ne, su za ka tambaya. Abin da ke hannuna shi ne in ce maka yaro mai wannan shekaru yakan haɗa abin da ya gani a allo da abin da ya ji game da aljanu a gida, ya kwana da shi. In zane ne yake jan ƙaninka, ka ba shi takarda da fensir ku zauna tare, ka ce ya zana maka fuskar mutum mai murmushi sau uku ba tare da ya canja komai ba, sannan ku rubuta abin da kowacce take faɗa a ƙarƙashinta. In kun yi, ka turo mini in gani, da naka da nasa.